Alhasan Ɗantata da masu kantinmu na farko: wa ya riƙe sunan kakansa?

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma rubutun yana da ɗan tsawo, sai a samu inuwa a zauna.

Ranar 28 ga watan Yuni na 2025 Allah ya yi wa Alhaji Aminu Ɗantata na Kano rasuwa yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka rufe. Allah ya jiƙansa. A kwanakin rasuwar gidajen rediyo da shafukan intanet sun cika da maganar dukiyarsa da kyautarsa. Mu kuwa wani ɗan lissafi ne ya tsaya mana a rai. An haifi mahaifinsa, Alhasan Ɗantata, a 1877. Uba da ɗa, mutum biyu kacal, sun ratsa shekara 148. Ranar da aka haifi uban Nasara bai ci Kano ba, da wuri ake ciniki, iyakar nan kuma da ta raba Ɗan Isa da Jibiya ko a mafarki babu ita. Ɗan ya kai zamanin da yaro ke tura kuɗi ta salula yana kwance bisa tabarma. Aminu yana da shekara 24 uban ya rasu. Ke nan har 2025 akwai mutum mai rai a Kano da ya ji labarin ayarin goro daga bakin wanda ya taka hanyar da ƙafarsa.

Gidan Ɗantata za su iya jera maka kakanninsu ɗaya bayan ɗaya har zuwa wanda ya taso daga Katsina. To mu fa? Shiga kasuwar Madarunfa ko ta Maraɗi, ka sami matashi zaune a butik ɗin gidansu, ka tambaye shi wa ya fara wannan sana'a a gidan. Zai ce Alhaji. Alhaji wa? Zai faɗi suna. Uban Alhajin fa, da garin da ya fito, da wanda ya ba shi jarin farko? Nan za a fara sosa ƙeya.

Bari mu fara da wanda aka sani, mu ga yadda aka yi aka san shi.

Alhasan daga Agalawa ya fito. Agalawa fatake ne da asalinsu ya gangaro daga arewa, daga hannun Abzinawa, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa a harshe da sutura, suka kama fataucin goro. Hanyar da ta haɗa Abzin da Kano kuwa ta ƙasarmu ta ratsa. A farkon 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa, ya sauka Tasawa, ya wuce Gazawa, ya shiga Katsina, daga nan sai Kano. Don haka labarin Agalawa ai na maƙwabta ne.

Kakan Alhasan, wanda ake kira Baba Talatin, attajiri ne da ya kwashi iyalinsa daga Katsina ya koma Madobi, kudu da birnin Kano. Ɗansa Abdullahi ya zama madugu, yana jan ayari zuwa Gwanja, can cikin ƙasar Gana ta yau, a kai kanwa da tufafi da fata a komo da goro. Matar Abdullahi, Fatsuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai jarin kanta. A Bebeji, zangon fatake, aka haifi Alhasan, nan kuma iyalin suka yi zama. Wajen 1885 Abdullahi ya rasu, yaron bai wuce shekara takwas ba. Aka raba gado bisa shari'a. Amarya ta tafi Akra inda take da harkokinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata.

Ku tsaya nan tukuna. Sunan da yau ke rubuce a jikin kamfanoni da tituna da makarantu, sunan da uwar Aliko Ɗangote ke ɗauke da shi, Hajiya Mariya ɗiyar Sanusi Ɗantata, sunan wannan tsohuwa ne. Madugu Abdullahi yana da ayari, Baba Talatin yana da dukiya, amma wadda ta dafa wa maraya tuwo ita gari ya laƙaba masa: ɗan Tata. Iyalin kuma ba su goge ba. Sun tashi sun yi arziki, sun je hajji, sun zauna da sarakuna, suna amsa shi. Mu dai a ganinmu wannan ya fi dalar gyaɗa burgewa. Za mu komo kansa, don akwai abin da ya shafe mu.

Alhasan ya yi karatun allo a Bebeji, yana ƴan saye da sayarwa. Yana saurayi ya bi ayari zuwa Gwanja, ya dangana da Akra wajen uwarsa. A 1893 basasa ta ɓarke a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa suna ɓangaren Tukur, ɓangaren da aka ci, kuma cikin waɗanda aka kama har da Alhasan da ƴan uwansa. Sai da aka fanshe su. Mutumin da daga baya aka ce ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma ya ɗanɗana zama kamamme.

Abin da ya raba shi da sauran fatake shi ne saurin gane cewa hanya ta sake. Ayarin jakai zuwa Gwanja wata da watanni yake ci, ga ɓarayi, ga kuɗin fito a kowane kogi, goro kuma ba ya son jira. Tun wajen 1906 shi ya koma saka goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912, sai gyaɗa ta zama zinariya. Kamfanonin Nasara suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa za a ba bashi kafin kaka ya biya ba. Fataken goro sun sani, don suna da barori a ko'ina. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhasan ya riƙa saya masa gyaɗa. A 1929, labari ya shahara cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 a reshen bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma da ke Kano. Ya rasu ranar 17 ga watan Agusta na 1955 a Kano, bayan ya gargaɗi ƴaƴansa kada su wargaza harkar.

Yanzu ku lura da wani abu a cikin wannan jeri. Shekarun da ake iya bugun ƙirji da su, 1912, 1918, 1929, 1955, duk daga bayan zuwan jirgin ƙasa suke, wato daga lokacin da ya fara hulɗa da masu rubuta rasit. Rabin rayuwarsa na farko, Madobi, Bebeji, Tata, Amarya, basasa, daga baki aka samo shi. Ƴaƴa da jikoki suka faɗa, tsofaffin fatake suka ƙara. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya zauna da irin waɗannan tsofaffi a Kano wajen 1969 da 1970 yana ɗaukar maganarsu, ya fitar da littafinsa kan fataucin goro a 1980. Jan Hogendorn ya yi nasa kan asalin cinikin gyaɗa a 1978. Da sun makara da shekara goma sha biyar, da yawancin waɗannan bakuna ƙasa ta rufe su. Ashe ko attajirin Kano, takarda rabinsa kawai ta riƙe.

A Amurka mai neman tarihin kakansa mai kanti yana da gata. Suna ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, kuma bayan shekara 72 ana buɗe takardun ƙidayar kowa ya duba. Na 1950 an buɗe su a 2022. Ga wasiyya a kotu, ga takardun filaye, ga littafin bashin kanti da wani jika ya kai gidan ajiya. Amma can ma akwai irin su Tata. A ƙidayar 1850 da ta 1860 bayi ba a rubuta sunansu, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangida. Sai a 1870 akasarin baƙaƙen fatar Amurka suka fara bayyana da sunayensu. Jikokinsu yau, in sun bi takarda suka kai wannan shekara, sai su ci karo da bango, su koma neman abin da kaka ta taɓa faɗi.

Mu namu bangon ya fi kusa. To mu dawo gida.

Maraɗi garin yaƙi ne tun farko. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora suka kafa shi a farkon ƙarni na 19, kuma abin da makaɗan fada suka riƙe shi ne jerin sarakuna da mayaƙa: Ɗan Kasawa, Ɗan Baskore, Ƙaura Hasau. Da Faransawa da Ingilishi suka zo shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, tawagar Tilho tana da tafinta mai suna Landeroin wanda ya zauna da manya ya rubuta tarihin sarautun wannan yanki. Shi ma sarakuna ya tambaya. Ɗan koli da mai tallar kanwa ba wanda ya ce musu ina sunanku.

Kanti irin wanda muka sani, ɗaki mai kanta da sikeli da kayan Nasara a jere, gyaɗa ce ta kawo shi. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe rassa a Maraɗi, ga Kwara, wato ƴan Lubnan da Siriya, a tsakani.  Kamfani ya ba Bahaushe kuɗi ko atamfa da gishiri da sukari, shi kuma ya watsa yaransa ƙauyuka su auno gyaɗa. Shekara da shekaru gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano take bi, a zuba ta a jirgin ƙasa zuwa Legas, kafin a shekarun 1950 Faransawa su karkata wani kaso zuwa Paraku da Kwatano. Saboda haka buhun da aka auna a ƙauyukanmu ya kwana a gari ɗaya da buhunan Ɗantata. Ko kalmomin da muke amfani da su sun nuna haka: kanti ta Kano ta shigo mana daga bakin Ingilishi, butik kuma ta Faranshi ce.

A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, aka tayar da gari aka maida shi bisa tudu, aka yanka filaye a layi. Ga mai neman tarihin gidansu wannan shekara babbar alama ce. Duk abin da aka ce ya faru "a tsohon gari", kafin 1945 ne. Kuma duk gidan da ya sami fili kusa da sabuwar kasuwa a rabon farko, akwai dalili, akwai kuma wanda ya tsaya masa.

Bayan ƴancin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta karɓe cinikin gyaɗa daga hannun kamfanoni. Yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970 ya buɗe wata kasuwar, farin da ya biyo baya ya kashe gyaɗa, alhazai suka koma shigar da atamfa da taba Najeriya. Wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya zauna Maraɗi ya bi wannan labari, ya fitar da littafi kan alhazan Maraɗi a 1986. Abin da ya fi jan hankali a aikinsa shi ne abin da kowa a nan ya sani amma ba mu ɗauke shi tarihi ba: ɗan kasuwa da arzikin mutane ake auna shi. Kowane alhaji baran wani ne a da. Ubangida ya riƙe ka, ya yi maka aure, ya sallame ka da jari. Ke nan mai kanti yana da salsala biyu, ta jini da ta ubangida, kuma sau da yawa ta biyun ce ke bayyana inda arzikin ya fito. In za ku tambayi tarihin kakanku, ku tambayi a gidan wa ya yi barance. Ba abin kunya ba ne, makarantar kasuwanci ke nan ta lokacin.

Sai dai littafin Grégoire manyan birni ya bi. Mai ɗan kanti na Madarunfa, wanda ya fara kawo kananzir da ashana da sabulu, wanda ke zuwa Jibiya bisa jaki ko keke ya komo kafin magariba, yana nan cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi kawai.

Me takarda za ta ba mu a kansa? Kaɗan, amma kada a raina. Nasara bai damu da rubuta haihuwar talaka ba. Abin da ya dame shi kai nawa ne za su biya lampo. Saboda haka kwamandan ko wakilinsa ya kan zaga gari gari yana ƙidaya, a rubuta maigida, matansa, ƴaƴansa, dabbobinsa. Irin waɗannan rajistoci da rahotannin rangadi, abin da ya tsira daga gara da ruwa, yana gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai. Wasu takardun mulkin mallaka suna Dakar, inda babban gwamna yake zaune, wasu suna Aix-en-Provence a Faransa. Mai kanti kuma yana biyan patanti, harajin sana'a, wanda ke nufin an taɓa rubuta sunansa da irin cinikinsa a wani littafi. In kakanku ya yi zama a Jibiya ko Katsina ko Kano, to sawunsa na wancan gefe sai Kaduna, a gidan ajiyar takardu na can. Takardun kamfanin UAC, wanda ya gaji Niger Company a 1929, suna Ingila kusa da Liverpool. Mutum ɗaya, kanti ɗaya, amma labarinsa a warwatse cikin ƙasa huɗu ko biyar da harshe uku.

Kuma ko an sami takardar, sai an yi hattara da ita. Mu da muka yi lakwal mun san "né vers". Dattijo ya je gidan shari'a da shaidu biyu, a dube shi a ƙiyasta, a rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Wani an ƙara masa don ya isa aiki, wani an rage masa don ya shiga makaranta. Ku duba katin ɗan ƙasa na iyayenmu ku ga yawan waɗanda aka haifa ranar 1 ga Janairu, sai ka ce ranar nan ungozoma ba ta runtsa ba. Sunan ma haka. Wanda aka rubuta Issoufou a Maraɗi shi ne Yusufu a Katsina, Mahamane shi ne Mamman, Ousmane shi ne Usman. A kasuwa kuma ba wanda ya san shi da ko ɗaya, Ɗan Ladi ake ce masa, ko Nomau, ko Mai Kanti kawai.

Akwai wata matsala da ta fi wannan. A tsarin takardunmu yaro sunansa da na ubansa yake ɗauka. Ɗan Abdu Garba zai zama Sani Abdu, ɗan Sani kuma ya zama Ali Sani. Cikin hawa biyu Garba ya faɗi, ba a ƙara ganinsa. Gidan Ɗantata sun tsira daga wannan ne don sun tsaya kan suna ɗaya suna miƙa wa na baya. Mu kowane ƙarni sai ya share na gabansa, ba da mugun nufi ba, haka fom ɗin meri ya tsara.

Shi ya sa babban gidan ajiyarmu tsofaffi ne, musamman mata. Namiji zai ba ka labarin tafiya da riba. Tsohuwa ita ta san wa ya auri wa, wace ce ta fita ta bar ɗa, wane yaro ne riƙo aka kawo shi daga Tsibiri ko Tasawa, wace kishiya ce ta sayar da tasoshinta aka ƙara jari. Amma tambayarta sai da dabara. Ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗan farinta. Alkunya ta hana. Za ta ce "malam", ta ce "mai gidan nan", ta ce "mai sunan wancan yaro". Sai ka zo da wata ƴar uwa ta zauna kusa, ita ta riƙa faɗin sunan, tsohuwa ta gyaɗa kai. Kada kuma ka ce mata a wace shekara. Tambaye ta da abin da ya faru. An yi auren kafin ruwa ya ci gari ko bayan? Lokacin zaɓen 1958 na i ko a'a, zamanin Sawaba, an buɗe kantin? Da soja suka kifar da Diori a 1974 yana da rai? Shekarar El Buhari, wato yunwar 1984 da aka rufe iyaka, wa ke zaune a kantin? Waɗanda suka ji daga iyayensu za su iya kai ka har Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Da irin waɗannan turaku ake ɗaure labari ya tsaya.

Kuɗi ma tarko ne. In dattijo ya ce kakanka ya fara da jika goma, tambaye shi jikar ina. Tamu sefa dubu ce. Ta Ingilishi fam ɗari ce, kafin naira ta zo a 1973. Sefar kanta sai a 1945 aka ƙirƙiro ta. Ɗan kasuwar bakin iyaka da aljihu biyu yake yawo, kuma yawancin ribarsa daga tsakanin aljihun biyu take fitowa.

Wani lokaci za ku tarar reshe guda ya ɓace, a ce wane ya tafi bai komo ba. Wuri biyu ake fara dubawa. Gabas, don masu zuwa hajji ta ƙasa suna bi ta Fort-Lamy, Njamena ta yau, su shiga Sudan suna noma suna tara guzuri, da yawa kuma can suka zauna suka hayayyafa. Ko kudu, zangunan Kumasi da Akra, inda Amarya ta yi zamanta. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, mutanenmu da dama suka komo, wasu da ɗan jarin da ya zama kanti a nan, wasu suka bar mata da ƴaƴa a can. Yau da WhatsApp ana samun irin waɗannan dangi, in an san sunan unguwa da laƙabin mutum.

To ga maganar da muka ce za mu komo kanta. Dalilin da ya sa gidaje da yawa ba sa son a tona ba rashin takarda ba ne kaɗai. Tsoro ne. Kowa yana son salsalarsa ta fara daga malami da ya zo daga Barno, ko ɗan sarki da aka hana gadon sarauta. Ba mai son ta fara daga bawa, ko Buzu mai jan raƙumin wani, ko Anne mai tsafi a bakin gulbi, alhali kwarin Maraɗi cike yake da zuriyar waɗannan duka, kuma mu ne. Sai a yanke labari daga kan wanda ya fara zuwa Makka, a ce daga nan aka fara. Mun san abin ba wasa ba ne: har gobe akwai auren da ke mutuwa a wajen bincike saboda kalma ɗaya da wata tsohuwa ta furta. Don haka ba mu ce kowa ya hau Facebook ya baje asirin gidansu ba, balle na gidan wani. Abin da ka gano na gidanku ne, ku za ku san wanda za a faɗa wa. Amma a rubuta shi yadda yake, ko da a akwati za a kulle. Lovejoy ya rubuta a fili cewa Agalawa da Tokarawa daga barorin Abzinawa suka samo asali, kuma hakan bai rage wa gidan da ya fi kowane gida arziki a cikinsu ko ƙwayar gyaɗa ba.

Wanda ya ce wannan duk aikin marasa abin yi ne, ya je gaban alƙali ko fadar hakimi ranar da ake shari'ar gado. Kanti ɗaya a bakin kasuwa, jikoki talatin. Wani ya ce kakanmu ya saya, wani ya ce aro aka ba shi, wani ya ce jarin na kakarmu ne ba na mijinta ba. Shaidun da suka ga abin da idonsu duk sun kwanta dama. Zumuncin shekara sittin ya watse a kan abin da awa biyu da tsohuwa da salula mai ɗaukar murya za su iya warwarewa tun tana da rai. Ga kuma ƴan uwanmu na bakin iyaka da ake ce wa ku ba ƴan ƙasa ba ne a nan, a ce musu haka a can, saboda kaka ya yi rajista a gefe ɗaya ya yi aure a ɗayan.

Abu na ƙarshe, littafin bashi. Yawancin masu kantin farko ba su yi lakwal ba amma sun yi allo, kuma da ajami suke rubuta wanda ya ci bashi: wane ɗan wane na gari kaza, turmi biyu, zai biya da kaka. Irin wannan littafi yana nan a gidaje, cikin adaka ko gafaka, haɗe da takardun addu'a. Da yake rubutun Larabci ne a ido, in mai shi ya rasu sai a ɗauka duk ayoyi ne, a ƙona ko a binne don girmamawa, ko a bar wa gara. Kafin a yi haka a kai wa malamin da ya iya karatun ajami irin na da, mai rubutun warashi, ya raba addu'a da lissafi. A ɗauki hoton kowane shafi da salula, da rana, a shimfiɗe, har da bangon da gefen da aka yi ƴan ƙananan rubutu, don a nan ake samun ranar haihuwar ƴaƴa da ranar da aka tashi zuwa hajji. A tura wa mutum uku cikin dangi, ɗaya daga cikinsu mace.